Koren Kwat a Ɗakin Kowa

Masu karatu, wata baiwar Allah a cikinku ta aiko tana tambayata, tunda na ce labarin soyayya nake ba ku, ina soyayyar take, ita dai ba ta ga komai ba sai ruwan sama da dankali. Tana da gaskiya. Ku yi haƙuri da ni. Na haura sittin, kuma rabin rayuwata na ƙarar da shi ina koya wa 'ya'yan mutane harsunan da masu su suka mutu tuntuni. Irina ba ya isa wurin magana da gudu.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Evert, mutumin Holan. Matata Rinske ta rasu bara. 'Yarmu Jantine ce ta ga zaman da nake yi a gida ya fara kama da na kujerun falo, ta haɗa baki da fastonmu, ta rako ni har bakin jirgi kamar mai kai yaro makarantar kwana. Haka na tsinci kaina a wani tsibiri a yammacin Norwe, a sansanin horar da masu aikin bishara, cikin wani tsohon gidan gyaran kifi da aka shafa wa farin fenti. Ƙarnin kifin dai har yau bai samu labarin fentin ba.

Komai a nan tare ake yi. Tare ake tashi, tare ake addu'a, tare ake cin burodi da cukun nan nasu mai ruwan ƙasa, wanda ba ka sanin ko abinci ne ko sabulu. Wayarka ma sai bayan abincin yamma za a miƙo maka daga kwandon da ke ofishin Torleif, shugabanmu, wani dogo mai murmushin da ba ya zuwa hutu. Yawancin 'yan horon yara ne masu jita da lafiyayyun haƙora. Mu tsofaffin an haɗa mu gefe guda kamar kayan da aka rasa inda za a ajiye. Abokin ɗakina Dougal, mai gyaran famfo ne daga Sikotlan, yana kwana a gadon sama, kuma ya yi imani cewa duk ɗakin da aka rufe tagarsa kabari ne.

Tagar nan tasa ce ta jawo min abin da zan faɗa muku.

Lokacin da Jantine ta kwashe kayan mahaifiyarta ta rabar, na ɓoye abu ɗaya. Koren kwat ɗin ulu, wanda Rinske take zuwa coci da shi. Maɓallinsa na sama da baƙin zare ta ɗinke shi, don ranar babu kore a gidan. A aljihun dama akwai ragowar naɗin farin minti. A cocinmu da zarar fasto ya hau mumbari sai ka ji takarda na ƙara a kowane benci, kowa na jefa minti a baki. Rinske kuwa da shi take auna wa'azi: mai kyau minti ɗaya, mai tsawo biyu, idan ta kai ga na uku to faston sai dai Allah ya gafarta masa. Takan ɓare ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba. Wannan ragowar ita ce wadda ta bari a Lahadinta ta ƙarshe. Ban taɓa ta ba. Kwat ɗin na shimfiɗa a ƙasan akwatina, na zo da shi har nan, ba wanda ya sani.

Ran Alhamis aka kwana ana ruwa da iska, tagar Dougal a buɗe, akwatina a ƙarƙashinta. Da safe na tarar da shi kamar kwale-kwalen da ya nutse.

“Farfesa, iska ce mai kyau, tana wanke huhu,” in ji shi daga sama.

“Ta wanke min har da littattafai.”

“To ai ka riga ka karanta su.”

Na jira ya fita, na naɗe kwat ɗin a tawul, na kai shi ɗakin shanya da ke ƙasan bene, inda bututun ɗumi ke busar da kayan kowa. Na rataye shi can ƙurya bayan rigunan ruwa, na ce gobe Asabar in kowa ya tafi wasan ƙwallo sai in ɗauko abina.

Abin da ban sani ba, domin ranar da aka yi mana bayanin dokokin gidan ina can baya ina karatu, shi ne duk yammacin Jumma'a ana share ɗakin shanya tas. Abin da aka samu a rataye sai a kai shi wani ɗaki da suke kira Ɗakin Kowa. Duk mai buƙata ya shiga ya ɗauka, ba tambaya, ba godiya, wai kamar yadda masu bi na farko suka zauna ba mai cewa wannan nawa ne. Idan kuma kana son abinka ya dawo, hanya ɗaya ce: ran Laraba da yamma, a zaman da'ira, ka miƙe gaban jama'a ka ce naka ne, ka faɗi dalilin da ya sa ka fi wanda ya ɗauka buƙatarsa. Torleif ya ce hakan na koya wa zuciya sakin duniya. Ni abin da na ga yana koyarwa shi ne yadda babban mutum zai tsaya yana kare safarsa ana dariya.

Ran Asabar na sauka na tarar da ƙugiya ba komai. Na haura Ɗakin Kowa har ina tuntuɓe. Babu. Na fito tsakar gida, sai ga shi yana tafiya.

Haka na gan shi, masu karatu, yana tafiya, yana nufar kicin da bokiti a hannu. Sai da ta juyo na ga Bodil ce.

Bodil ungozoma ce daga Denmak, ta ba hamsin baya, gajeren gashi fari sol, hannuwa kamar na mai dambe. Ita aka haɗa ni da ita a aikin fere dankali tun zuwana, kuma ita kaɗai ce a sansanin nan ba ta taɓa tambayata yaya zuciyata take ba, abin da ya sa nake iya jure ta. Burinta ɗaya ne a duniya, a sa sunanta cikin tawagar da za a tura asibitin mishan bayan horo. Ta ajiye aikinta, ta saki gidan da take haya, duk don wannan.

“Malam Evert, ka ga abin da na samu?” Ta juya a gabana. Hannun kwat ɗin ya yi mata gajere. “Ulu ne na gaske. Nawa da na zo da shi ko kaza ba zai ɗumama ba. Wace marar hankali ce ta bar wannan?”

“Wa ya sani,” na ce.

“Ka ga maɓallin nan? Baƙin zare. Mace ce mai sauri, ba ta jiran komai. Da mun shirya da ita.”

Na fere dankalin ranar har da yatsana.

Za ku ce me ya hana ni in ce mata nawa ne. Ku da ba ku zauna a nan ba. A gidan nan idan ka yi tari sau biyu sai an kafa maka kwamitin addu'a. Sun san matata ta rasu, amma ban taɓa furta sunanta ba, kuma ban yi niyya ba. Ina hango kaina a tsakiyar da'ira, yara masu jita sun dafa kafaɗata suna kuka a madadina, Rinske ta zama darasin mako. Shekara talatin da wani abu na zauna da matar nan. Ba zan miƙa ta ga mutanen da ke rera waƙa kafin su ci ayaba ba.

Ran Lahadi Bodil ta zo ta zauna kusa da ni a sujada, cikin kwat ɗin. Torleif ya hau mumbari, ya gyara murmushi. Sai na ji ƙarar takarda.

Ta zura hannu a aljihun dama, ta ciro naɗin, ta duba shi, ta ɓare ɗaya ta jefa a baki. Sannan ta miƙo min sauran, ba tare da ta kalle ni ba.

Ban san irin fuskar da na yi ba. Na dai san ta juyo, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta mayar da hannunta aljihu a hankali. Ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ba. Da Rinske na nan, na uku ne.

Daga ranar na zama mai gadin aljihun wata. A ajin safe ina bayanta, sai in ga hannunta ya shiga aljihun dama, ya fito, ya nufi baki. A ajin rana haka. A bakin teku da aka kai mu ɗibar itace haka. Kowane motsin muƙamuƙinta sai in ji kamar ana rage min wani abu a ƙirji. Na kasa karatu, na kasa zama, na zagaye tsibirin nan har tumakin mutane sun fara gane ni.

Da yamma aka ba mu wayoyi. Saƙon Jantine na jirana.

“Baba ya sanyi? Kana cin abinci? Ka yi abokai?”

“Ina da mai gyaran famfo guda,” na rubuta.

“Baba don Allah. Ka saki jikinka da mutane. Mama ba za ta so ka zauna kamar dutse ba.”

“Mamanki ta auri dutsen da idonta biyu.”

Ta turo fuskar nan mai hawaye da dariya a haɗe, wadda ban taɓa gane ko ta mece ce ba. Sannan: “Na yi alfahari da kai da ka bar ni na rabar da kayanta duka. Na san da wuya.”

Na kashe wayar na mayar kwando tun lokaci bai cika ba. Torleif ya yaba min a kan sakin duniya.

Ran Talata da rana na yanke shawarar yin sata. An yi ruwa da safe, na ga Bodil ta kai kwat ɗin ɗakin shanya, kuma bayan abincin rana kowa na wurin koyon waƙa. Dabarata ita ce in ɗauke shi, in tura ƙasan akwati, a ce ya ɓata. Mutum mai digiri biyu, abin da ya iya ƙullawa ke nan.

Na same shi a rataye, da ɗumi. Na zura hannu a aljihu, ashe na hagu ne, ba komai sai tsohon tikitin bas. Kafin in sake lalube na ji an turo ƙofa, ƙofar nan mai komawa da kanta ta rufe.

“Malam, hannunka na cikin aljihuna.”

“Ba aljihunki ba ne.”

“Yawwa,” in ji Bodil. Ta ajiye kwandon wankinta. “Ashe kana da baki. Ya sunanta?”

Na zare hannuna daga aljihun, na riƙe wuyan kwat ɗin.

“Tun Lahadi na gane. Na miƙo maka minti ka kalle ni kamar na miƙo maka idon mutum. Mintin na Holan ne, kai kaɗai ne ɗan Holan a gidan nan, kuma ba girmanka ba ne kwat ɗin.”

“Kin sani, kika ci gaba da yawo da shi a gabana?”

“Ina jin sanyi. Kuma ba ka tambaya ba.”

“Sai na roƙa?”

“Sai ka faɗa. Na daɗe ina karɓar haihuwa, Malam, ban taɓa ganin wadda aka yi wa naƙuda a madadinta ba. Ni dai tsayawa nake a gefe da tawul.”

“Ba na neman ungozoma.”

“Kowa haka yake cewa da farko.”

Ta matso ta kama hannun kwat ɗin, ni ina riƙe da wuyansa, fuskata a jiƙe, kuma ba zufa ba ce. A haka Torleif ya buɗe ƙofa.

Akwai doka ta biyu da ita ma ban saurara ba ranar bayani, amma wannan kowa ya san ta. Ba neman aure a lokacin horo, kuma namiji da mace ba sa keɓewa a bayan rufaffiyar ƙofa. Wanda aka samu, ba a korarsa, sai dai a cire sunansa daga tawagar fita a ce ya ƙara shekara yana nazarin zuciyarsa.

A ofis Torleif ya ba mu gahawa, abin da ya nuna maganar babba ce.

“Ɗan'uwa Evert, 'yar'uwa Bodil, ba na zargin kowa. Amma an lura. Kwana biyu ke nan ɗan'uwa ba ya ɗauke ido daga kanki, yara ma sun fara magana. Kuma a makon nan dattawan mishan za su tsayar da sunayen masu tafiya asibiti. Dole in gaya musu abin da na gani. Sai dai in akwai bayanin da ban sani ba.”

Ya dubi Bodil. Kalma biyu za ta faɗa ta wanke kanta. Ta kurɓi gahawa, ta ce, “Ni ba ni da bayani. In akwai, ba nawa ba ne.”

Ya dube ni. Na dubi kwandon wayoyi.

Da na koma ɗaki na gaya wa Dougal komai, don ya riga ya ji rabi a wurin masu jita. Ya sauko daga gadonsa, abin da ba ya yi sai don abinci.

“Farfesa, kai da ka karanta littattafan duniya, ba ka ci karo da inda aka rubuta cewa kai jaki ba ne?”

“An rubuta, da harsuna uku.”

“Matar nan ta saki gidanta don asibitin can. Za ka bari ta rasa shi don kada a dafa maka kafaɗa?”

“Ba ka san yadda suke dafawa ba.”

“Na sani mana. Ran da na faɗi maganar giyata, wani yaro ya rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara. Ga ni ban mutu ba.” Ya koma sama. “Kuma tagar nan a buɗe za ta kwana.”

Laraba da yamma aka jera kujeru a da'ira. Wata yarinya ta nemi a dawo mata da cokalinta na tafiya, aka yi dariya, aka ba ta. Wani ya janye ƙararsa a kan hula. Torleif ya ce, “Akwai sauran mai neman abinsa daga Ɗakin Kowa?” Bodil na can ɗaya gefen, cikin kwat ɗin, ta maƙale shi har wuya, tana kallon silin.

Na miƙe. Gwiwoyina suka yi ƙarar da kowa ya ji.

“Koren kwat ɗin da ke jikin 'yar'uwa Bodil nawa ne,” na ce. Wani ya fara dariya, Dougal ya juya ya kalle shi, dariyar ta mutu. “Na matata ne. Sunanta Rinske. Ita ta ɗinke maɓallin nan da baƙin zare. Shi nake kallo duk kwanakin nan, shi na je sata jiya, 'yar'uwa ta kama ni. Ba ta yi komai ba sai rufa min asiri. Dokarku ta ce in faɗi dalilin da ya sa na fi ta buƙatarsa. Ban fi ta ba. Ita sanyi take ji. Ni ba abin da zan yi da shi. Ina so ne kawai.”

Na ga wani yaro ya miƙa hannu wajen jitarsa. Na ce, “Wanda ya taɓa igiyar nan zai ci ta.” Ya janye.

Ba wanda ya yi waƙa. Torleif, a karon farko tun da na san shi, ya ajiye murmushin, kuma fuskar da ke ƙarƙashinsa ba ta da laifi. Ya ce ba abin da zai kai wa dattawa, sunan Bodil na nan inda yake. Ita kuwa ta tashi, ta cire kwat ɗin, ta ninke shi yadda ake ninke kayan jariri, ta ɗora min a hannu. Ta ce, ƙasa-ƙasa, “Rinske. Suna mai kyau. Ka ga, ya fito da kansa, ko ɗinki ba ka buƙata.” Ta koma kujerarta cikin 'yar rigar sanyinta mai shara-shara, ta harɗe hannuwa.

An dafa kafaɗata, ba zan ɓoye muku ba. Mutum huɗu ko biyar. Na rayu.

A ɗaki na zauna a bakin gado na zura hannu a aljihun dama, ina shirin tarar da takarda ba komai. Naɗin na nan. Guda ɗaya kawai aka ci, na ran Lahadi, kuma an murɗe bakin takardar da kyau yadda ba zai buɗe ba. A gefensa akwai wata 'yar jaka ta baƙar alewar nan mai gishiri da mutanen Denmak ke azabtar da kansu da ita. Ita take ci duk kwanakin nan da nake binta da ido ina mutuwa.

Na ɗaga kwat ɗin na kai hanci, kamar yadda na saba yi in ba kowa. Ƙamshin Rinske ya tafi. Ruwan sama ya ɗauki rabi, sauran kuma albasa ce da sabulun kicin da wani abu da ban san sunansa ba, na Bodil. Na jira fushi ya zo. Na ba shi lokaci sosai. Bai zo ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da duk abin da ya faru a da'ira.

Na ɗauki baƙar alewa ɗaya na sa a baki. Masu karatu, ban taɓa ɗanɗana mugun abu irinta ba, kamar ka lashi ƙasan jirgin ruwa. Ban tofar ba.

Jantine ta aiko: “Baba, akwai labari?” Na rubuta mata cewa na ɓoye kwat ɗin mamanta, na goge, na sake rubutawa, na tura. Har aka karɓi wayoyi tana rubutu tana gogewa ita ma.

An ce sanyi zai ƙaru a ƙarshen mako. Gobe da safe ni da Bodil muna da buhun dankali, ƙofar kicin a buɗe kamar yadda doka ta ce. Kwat ɗin yana nan rataye a jikin gadona, ya ɗan jiƙe ta kafaɗa saboda tagar Dougal, yana buƙatar shanya. Jibi Jumma'a. Yanzu na san sarai abin da ke faruwa da kayan da aka manta a ɗakin shanya ran Jumma'a, kuma tun ɗazu nake kai da komo tsakanin gado da ƙofa da shi a hannu.